Ceton Rai Farilla Ce: Yadda Za A Raba Aikin Hana Kashe Kai A Garuruwan Kwarin Rima

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, da wuya a sami Musulmin da ya yi wayo a ƙasar Hausa wanda bai san kashe kai haramun ba ne. Ɗan makarantar allo ya sani, tsohuwar cikin ɗaki ta sani. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne sanin abin yi idan wani namu ya fara gajiya da rayuwa: wa zai lura, wa zai tambaya, wa zai kawar da abin cutarwa, wa zai kai asibiti, wa kuma zai bi sawu bayan an sallamo shi. Hukuncin yana bakin kowa, amma aikin ceton ba a raba shi ba. Aikin da ba a raba ba kuwa, kowa yakan zaci wani ne zai yi.

Mu ɗauki gari irin Gulma da ke Ƙaramar Hukumar Argungu ta Jihar Kebbi. An ambace shi ne don ya zama madubin garuruwan fadamar Gulbin Rima, inda rayuwa ta rataya ga noman shinkafa da su da kiwo, ba don ya fi wani gari fama da wannan matsala ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa da wannan yanki yana Kware ne a Jihar Sakkwato. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya baki ɗaya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Ke nan wanda zai fara cin karo da mai ƙuncin zuciya a irin wannan gari ba likita ba ne. Uwa ce, ko liman, ko malamin makaranta, ko mai kemis, ko mai sayar da maganin feshi, ko mai unguwa. Da su wannan rubutu yake magana.

Girman al'amarin

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da mutum 720,000 ne ke kashe kansu duk shekara a duniya, kuma kashi 73 cikin 100 na wannan adadi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita yake faruwa. A tsakanin matasa 'yan shekara 15 zuwa 29, shi ne na uku a jerin abubuwan da ke kawo ajali. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗannan mace-mace ta hanyar magungunan ƙwari na gona suke aukuwa, mafi yawa a yankunan karkara da ake noma. Wannan ya isa ya sa mazaunin ƙasar shinkafa ya tsaya ya yi tunani.

A wurinmu abin ɓoye shi ake yi. Iyali sukan ce gajeriyar rashin lafiya ce, ko haɗari ne, saboda tsoron bakin jama'a da tsoron hukuma. Suturar mamaci abu ne mai kyau, sai dai shirun da ke hana mai rai neman taimako shi ne ke haifar da wata gawar.

Tun daga shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitar da jerin ƙananan littattafan jagora, kowanne da wanda aka rubuta dominsa: akwai na likitoci, da na ma'aikatan lafiya a matakin farko, da na malaman makaranta, da na 'yan jarida, da na jami'an gidan yari, da na 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, da na waɗanda aka yi wa rashi. A 2019 aka ƙara na hukumomin da ke yi wa magungunan ƙwari rajista da na masu shirya fina-finai. A 2021 kuma ta taƙaita hanyoyin da aka jarraba aka ga amfaninsu zuwa huɗu: nesanta mutane daga abubuwan cutarwa, kyautata yadda kafafen labarai ke ba da rahoto, koya wa matasa dabarun jure matsalolin rayuwa, da gano mai matsala da wuri a kula da shi a kuma bi sawunsa. Hikimar wannan tsari ita ce kowa da gurbinsa. Malaman fiƙihunmu sun daɗe da ba irin wannan aiki suna: farillar kifaya, wadda idan wasu suka tsaya mata sun ɗauke wa saura, idan kuma kowa ya bari, kowa ya yi laifi.

Shari'a tana da fuska biyu a nan

Fuskar farko ita ce hani. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana mutum kashe kansa, hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun zo da narko mai tsanani a kansa, har ma an hana mumini burin mutuwa saboda wata cuta da ta same shi. Babu saɓani a kan wannan. Amma yana da kyau mai karatu ya lura cewa ayar da ta zo da hanin, da ambaton jin ƙan Allah ga bayinSa aka rufe ta.

Fuska ta biyu, wadda ba a cika jin ta a kan mumbari ba, ita ce wajibcin ceto. Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun lissafa tsare rai da tsare hankali cikin manyan manufofi biyar na shari'a. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, Muhtasar na Shehu Halil ya ɗora lamuni a kan wanda yake da ikon kuɓutar da mai halaka amma ya ƙyale shi. Masuntan Argungu sun fi kowa fahimtar wannan. Idan ruwa yana cin mutum a Matan Fada, ba a tsayawa a bakin gaɓa ana yi masa wa'azi a kan haɗarin ruwa. Gora ake miƙa masa, magana ta biyo baya.

Akwai kuma hadisin Ɗufailu ɗan Amru Addausi a Sahihu Muslim. Wani mutum da ya yi hijira tare da shi ya kamu da ciwo a Madina, ya kasa jurewa, ya yi wa kansa raunin da ya zama ajalinsa. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali saboda hijirarsa, sai dai hannuwansa a lulluɓe. Da aka ba Manzon Allah (SAW) labari, sai ya roƙa wa hannuwan nasa gafara su ma. Imam Nawawi ya kafa hujja da wannan hadisi cewa wanda ya kashe kansa bai kafirta ba, al'amarinsa yana ƙarƙashin ganin damar Allah. A cikin Mudawwana, Imam Malik ya ce ana yi masa salla, ana kuma yi masa duk abin da ake yi wa mamatan Musulmi. Hadisin Jabiru ɗan Samura, wanda ya nuna Annabi (SAW) bai sallaci wani da ya kashe kansa ba, malamai sun fassara shi da tsawatarwa ga masu rai, ba hana sauran jama'a yin sallar ba. Sannan sananne ne cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Wane ne a cikinmu yake da ma'aunin da zai gane inda hankalin mamaci yake a sa'arsa ta ƙarshe?

Gurbin liman da malamin zaure

Liman shi ne mutumin da jama'a ke saurara duk mako ba tare da gardama ba, kuma shi ne wanda mai damuwa ya fi sauƙin tunkara. Aikinsa na farko gyaran harshe ne. Faɗar cewa duk mai ciwon damuwa raunin imani ke damunsa kan sa mai ciwon ya ƙara ƙulle bakinsa. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, masana tarihi Shekarar Baƙin Ciki suka kira ta. Nana Maryam, a tsakiyar naƙuda da kaɗaici, ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana, kuma abin da ya zo mata daga Ubangijinta lallashi ne da ruwa da dabino. Wannan darasi ne ga duk mai jiran gado da mai wa'azi.

Aikinsa na biyu shi ne haɗa addu'a da magani. Annabi (SAW) ya yi umurni da neman magani, Nana A'isha kuma ta ruwaito cewa kunun talbina yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana rage wani sashe na baƙin ciki. Wato tun a zamanin farko an san damuwa tana da alaƙa da jiki. Abu Zaidin Albalkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da ake sanin dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum haka siddan, ya ce na biyun yana da tushe a jiki, yana kuma buƙatar maganin jiki. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar rubuce-rubuce a kan likitanci. Don haka malamin da ya yi wa mutum ruƙiyya, sannan ya ce wa iyalinsa gobe da safe a kai shi asibiti, yana kan turbar magabata. Wanda ya ce a jefar da maganin likita domin aljanu ne, ya ɗauki alhakin da ba zai iya saukewa ba. Haka nan ɗaure mai taɓin hankali da mari da dukansa zalunci ne. Duniya ta ga abin da 'yan sanda suka tarar a 2019 lokacin da suka buɗe wasu gidajen horo a jihohin Kaduna da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa a cikinsu da sarƙa a ƙafa.

Aikinsa na uku yana zuwa ne idan mai aukuwa ta auku. A yi wa mamaci sutura, a yi wa iyalinsa ta'aziyya kamar kowa, a hana masu yanke wa mutane wuta da bakinsu. Sahihu Muslim ya kawo labarin wanda ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai aikinsa shi ne ya ɓaci. Iyalan da aka bari su ma suna cikin haɗari, suna buƙatar ziyara har bayan an watse daga zaman makoki.

Gurbin iyaye, ma'aurata da abokai

Labarin zuciya a tambayi fuska. Mutanen gida su ne za su fara ganin sauyi: mai fara'a ya koma shiru, ya daina fita majalisa, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya bar gona ko sana'a ba dalili. Wani zai riƙa cewa ya gaji da duniya, ko ya zame wa mutane kaya, ko gara ya tafi kowa ya huta. Wani zai fara rabar da abin da yake ji da shi, yana neman gafarar mutane alhali ba tafiya zai yi ba. Wani kuma, bayan dogon ƙunci, sai a ga ya sami natsuwa kwatsam ba tare da matsalarsa ta warware ba. Haɗarin yakan ƙaru ga wanda ya taɓa yin yunƙuri a baya, da mai shaye-shaye, da mai ciwo mai tsawo, da wanda ya yi babban rashi ko ya shiga abin kunya a idon jama'a.

Idan aka ga haka, sai a keɓe da shi a tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya: "Ɗan'uwa, na ga kwanan nan ba ka cikin walwala. Shin tunanin kashe kanka yana zo maka?" Uwa ta ce wa 'yarta: "'Yar nan, faɗa mini gaskiya, ba zan yi miki faɗa ba." Mutane da dama suna tsoron kada tambayar ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Binciken masana ya nuna ba haka ba ne. Tambayar takan sauke masa nauyi, ta nuna masa akwai wanda ya gan shi.

In ya amsa da e, to a saurara fiye da yadda ake magana. Kada a yi masa dariya, kada a ce neman suna yake yi, kada a fara da zagi ko jero masa azabar lahira. Kada a bar shi shi kaɗai. A fitar da maganin feshi da tarin ƙwayoyin magani da makami daga gidan baki ɗaya. A tafi da shi asibiti a ranar. Kada kuma a yi masa alkawarin rufe maganar. Sanar da mahaifi ko likita don ceton rai ba giba ba ce, domin Imam Nawawi ya lissafa neman taimako don kawar da ɓarna cikin wuraren da aka halatta ambaton mutum a bayan idonsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ya sa waɗannan matakai suke aiki shi ne tsananin wannan tunani sau da yawa ba ya daɗewa. Yakan taso kamar guguwa, musamman bayan faɗa ko wulaƙanci, sannan ya lafa. Wanda aka tsallakar da shi wannan sa'a, galibi yakan ci gaba da rayuwarsa.

Gurbin mata masu shiga gidaje

Akwai ƙuncin da ba ya fitowa zaure. Matar da ke cikin gida tana fama da duka, ko gorin rashin haihuwa, ko zafin kishi, ko auren da ba ta so, ba liman za ta fara gaya wa ba. Mai jego da ta daina barci, take yawan kuka, take ƙin jaririnta ko take maganganun da ba su da kan gado, ciwo ne ke damunta wanda yake da magani a asibiti, kuma gaggawa yake buƙata.

Wannan yanki yana da gadon da zai yi koyi da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke zagaya ƙauyuka suna kai wa mata ilimi har ɗakunansu. Magadansu a yau su ne malaman Islamiyyar matan aure, da ungozomomi, da masu kitso, da 'yan ƙungiyoyi irin FOMWAN da aka kafa a 1985. Idan aka koya musu alamomin nan da hanyar tura mace asibiti, za su kai inda likita ba zai taɓa kaiwa ba. Iyaye kuma su tuna da Khansa'u 'yar Khizamu, wadda ta kai ƙarar auren da mahaifinta ya yi mata ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware shi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Yarinyar da ta ce za ta kashe kanta idan aka yi mata dole, a ɗauki maganarta da gaske.

Gurbin malamin makaranta

Malami yana ganin yaro sa'o'i masu yawa a rana. Faɗuwa jarrabawa, cin zalin ɗalibai, tozarta yaro a gaban aji saboda kuɗin makaranta, yaɗa hoton yarinya a waya, duk suna iya zama dutsen da ya fi ƙarfin ƙaramar zuciya. Ya kamata kowace makaranta, ta boko da ta Islamiyya, ta ware malami namiji da mace waɗanda ɗalibai suka san za su iya zuwa wurinsu ba tare da maganar ta fita ba. Manyan makarantu irin Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna da damar da ta fi haka, domin malaman gobe da shugabannin gobe suke yayewa. Alaramman tsangaya shi ma uba ne ga yaran da iyayensu ke nesa. Almajirin da ya ware kansa, ya daina wasa da 'yan'uwansa, a jawo shi a ji damuwarsa kafin a ɗauki bulala.

Gurbin mai sayar da maganin feshi da malamin gona

Ƙasar Siri Lanka ta taɓa kasancewa cikin ƙasashen da suka fi yawan masu kashe kansu. Da ta haramta magungunan ƙwari mafiya guba, adadin ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, an kuma ƙiyasta rayuka kimanin 93,000 ne suka tsira, ba tare da amfanin gona ya ragu ba. Wani babban bincike da aka yi a can, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna raba wa manoma akwatin kulle a gida shi kaɗai bai wadatar ba. Abin da ya yi tasiri shi ne janye mafi haɗarin daga kasuwa. A Najeriya, hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wasu magungunan ƙwari na gona a kasuwanni da kantuna a 2019. Doka irin wannan tana buƙatar masu tsaya mata a kasuwannin ƙauye.

Mai shago yana da nasa rabon. Kada ya sayar wa yaro, ko wanda ya zo a fusace ko yana kuka, ko wanda bai san wace gona zai fesa ba. Kada ya ɗura magani a robar lemo. Manomi ya sayi daidai buƙatarsa, kada ya ajiye saura a ɗakin kwana ko kusa da abinci. Idan kuma wani ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti tare da kwalbar domin likita ya san abin da zai yi.

Gurbin masu sarauta da masu hali

Ba kowane ƙunci ne ƙwaya ke magancewa ba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafa ya bunƙasa, bashi ma ya bunƙasa tare da shi. Ambaliyar 2020 ta shafe gonaki masu ɗimbin yawa a jihar ana dab da girbi. Magidancin da ruwa ya cinye gonarsa, mai bashi yana sallama a ƙofar gidansa safe da yamma, yana buƙatar wanda zai shiga tsakani. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni da jinkirta wa wanda ke cikin matsi, aya ta 60 ta Suratut Tauba kuma ta sa waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin masu cin zakka. Kwamitin zakka da ya biya wa manomi bashinsa a asirce, mai yiwuwa rai ya ceta bai sani ba.

Sarakunanmu sun riga sun nuna abin da za su iya. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya jagoranci kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, kuma kowa ya ga rawar da iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni suka taka har aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Najeriya a 2020. Hanyar da ta kai allurar rigakafi kowane gida za ta iya kai wannan saƙo.

Gurbin ma'aikacin lafiya, ɗan sanda da ɗan jarida

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali da haɗarin kashe kai, su fara kulawa, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. Yawancin masu ciwon damuwa a wurinmu da ciwon kai ko faɗuwar gaba ko rashin barci suke zuwa. Tambaya ɗaya game da halin zuciya tana iya buɗe ƙofa. Daga ƙaramin asibiti ana iya tura mutum Babban Asibitin Argungu, ko manyan asibitocin Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Kware. Makonnin farko bayan sallama su ne mafi haɗari, don haka kiran waya ko ziyara a lokacin yana da daraja. Mai kemis kuma ya ji tsoron Allah a kan tiramadol da dangoginsa. Akwai shirin SURPIN da aka fara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 2017, wanda ke da layukan waya har da na masu jin Hausa, akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

Ta fuskar doka, sashe na 231 na kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa, da sashe na 327 na takwaransa na Kudu, sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Gadon Turawan mulkin mallaka ne, kuma yana cikin abin da ke sa iyali ɓoye mara lafiya har lokaci ya ƙure. Pakistan ta soke irin wannan doka a 2022, majalisun Malesiya da Gana suka bi sahu a 2023. Soke hukuncin ɗauri bai halatta abin da Allah Ya haramta ba, ya dai mayar da mara lafiya hannun likita. A Najeriya, an sa hannu kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da tsarin hana kashe kai na 2023 zuwa 2030. Kafin gyaran ya kammala, jami'in tsaro ya tuna asibiti ne farko, ma'aikacin lafiya kuma ya tuna sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili.

Saura masu alƙalami da masu waya. An tabbatar cewa yayata labarin kashe kai da bayanin yadda aka yi yana jawo kwaikwayo. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, da 'yan jarida suka sauya salon rahotonsu a 1987, irin mace-macen da ake yayatawa sun ragu ƙwarai cikin 'yan watanni. Don haka kada a wallafa hoton gawa, ko wasiƙar da mamaci ya bari, ko sunan abin da ya yi amfani da shi. Kada a ce abu kaza guda ɗaya ne ya jawo. A faɗi inda ake samun taimako, a ba da labarin waɗanda suka shiga ƙunci suka fita. Wannan ya shafi gidajen rediyo da masu shirya finafinan Hausa, ya kuma shafi duk mai tura saƙo a WhatsApp da Facebook.

Ga wanda abin yake cikin zuciyarsa

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, idan kai ne kake ɗauke da wannan nauyi, ka sani zuwan tunanin bai fitar da kai daga rahamar Allah ba, kuma faɗarsa ba abin kunya ba ne. Aya ta 53 ta Suratuz Zumar da waɗanda suka yi wa kansu ɓarna take magana, kuma hana su yanke ƙauna take yi. Ka nemi mutum ɗaya da ka yarda da shi ka gaya masa yau. Ka miƙa masa abin da kake tsoron zai cuce ka. Ka bar shi ya raka ka asibiti. Ciwon damuwa yana da magani, mutane da yawa sun warke sun koma gonakinsu da azuzuwansu da 'ya'yansu.

Ranar 10 ga Satumba ta kowace shekara ce aka ware a duniya, tun 2003, don tunatarwa a kan wannan al'amari. Zai yi kyau kafin ta zagayo, a kowane gari na ƙasar Kabi da Gwandu, uban ƙasa ya tara liman da shugaban makaranta da jami'in asibiti da shugabar mata da shugaban 'yan kasuwar maganin feshi a zaure ɗaya, su amsa tambaya guda: idan wani ya faɗa wannan hali a daren yau, wa za a kira, wace mota za ta ɗauke shi, wane asibiti za a nufa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan mamatanmu, Ya sa mu zama sanadin tsirar bayinSa. Allah ne Mafi sani.